Zauren Tambaya: Riƙon Ɗan Wani a Damagaram

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan riƙo suka zo, shi ya sa muka tara su wuri guda. Masu amsawa su ne waɗanda kuka saba da su a wannan zaure: ma'aikatan kare yara, da ungozoma, da malamin fiƙihu. Mun sakaya sunayen masu tambaya saboda yaran da ake magana a kansu.

Daga wata uwa a Garin Malam: Ƙanwata ta rasu kwana uku bayan ta haihu, ta bar jariri namiji. Yau kwanansa 20 a hannuna, ubansa yana ci-rani a Libiya. Ina goyon 'yata mai wata 8. Wasu sun ce in ba shi nonon akuya, wasu sun ce madarar gwangwani. Wanne zan bi?

Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. 'Yar'uwa, abin da ya fi duka biyun yana jikinki. Tunda kina shayarwa, za ki iya shayar da su biyu, domin nono gwargwadon tsotso yake zuwa. Ki fara zuwa likitar unguwa a yi miki gwajin sida, ko da an yi lokacin da kike da ciki. In sakamako ya yi kyau, ki riƙa sa jaririn a nono sau 8 zuwa 12 dare da rana, shi ne farko, 'yarki ta biyo baya tunda ita ta fara shan kunu. Ke kuma ki ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda kika saba, ki yawaita ruwa da fura. Alamar yana ƙoshi ita ce ya jiƙa tsumma aƙalla sau 6 a yini, kuma nauyinsa ya riƙa hawa a awon wata-wata.

Nonon akuya ko na saniya bai dace da jaririn da bai kai wata 6 ba. Gishirinsa ya yi wa ƙodarsa yawa, kuma ba shi da isasshen abin da ke gina jini. Haka madarar shayi mai kauri, da madarar gari ta manya. Ruwa, da bauri, da zuma, duk a dakata. Zuma kam sai ya cika shekara.

In har dole ta sa sai madarar jarirai, to ki san nauyin da za ki ɗauka tun yanzu. Jariri yana shan kimanin kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 50 mai giram 400, kusan biyu kowane mako. Ki tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a farmasi ki yi lissafi, ki aika wa uban, domin ciyarwa a wuyansa take ko yana ina. Inda ake samun matsala shi ne kuɗi su yanke a wata na biyu, sai a fara tsinka madarar da ruwa don ta daɗe. Daga nan sai rama, sai zawo, sai tamowa. Ma'auninta: cokalin da ke cikin gwangwanin, a shafe bakinsa, ɗaya ga kowane mililita 30 na ruwa. A tafasa ruwan, kada ya wuce minti 30 da saukewa, a zuba ruwan tukuna sannan garin, a sanyaya ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan sanyi. Jariri mai kilo 3 yana buƙatar wajen mililita 60 sau 8 a yini. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti, saboda bakin robar nan ba ya wankuwa da kyau. Abin da ya rage a zubar, kada a ajiye masa zuwa anjima, balle a zafin Damagaram.

In ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ki kai shi likita a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ki nemi katin rigakafinsa. Bayan allurar ranar haihuwa akwai ta mako 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata 9.

Saura abu biyu da ake mantawa cikin ruɗanin rasuwa. Na farko takardar haihuwa: dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, ke kuwa kin ci 23. A rubuta sunan ubansa na gaskiya da na marigayiya, a karɓo takardar a ma'aikatar magajin gari. In wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu. Na biyu, a mazhabar Malikiyya da muke bi, shayarwa ko sau ɗaya ce cikin shekara biyun farko tana haramta aure. Yaron ya zama ɗan'uwan 'ya'yanki duka, waɗanda kika haifa da waɗanda za ki haifa, har da 'ya'yan mijinki na sauran ɗakuna. Ki sanar da dangi, a rubuta, don kada bayan shekara 20 a tashi haɗa auren zumunci babu wanda ya tuna.

Daga wani magidanci a Birni: Shekararmu 14 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Muna son mu ɗauki yaro. Ta ina za mu fara, kuma zan iya sa masa sunana ya gaje ni?

Malam, hanya biyu ce, kuma ba a haɗa su. In ɗan dangi ne, iyayensa ko waliyyansa suka yarda, to a zauna gaban dattawan ɓangaren uba da na uwa da mai unguwa, a rubuta abin da aka yi: wa ya bayar, wa ya karɓa, wa zai ɗauki kuɗin makaranta da magani, yaushe yaro zai riƙa zuwa gida. Mutane suna jin nauyin rubutu tsakanin 'yan'uwa, suna ganin kamar rashin yarda ne. Mu kuwa muna ganin rubutun shi ke tsare zumuncin, domin rigimar riƙo ba ta tashi sai yaro ya girma ya fara amfani, ko yarinya ta isa aure ana neman wanda zai karɓi sadaki, lokacin kuwa rabin shaidun sun kwanta dama.

In kuwa yaro ne da ba a san danginsa ba, ko aka raba shi da gida saboda cutarwa, babu mai ikon ba ku shi sai hukuma. Ba ungozoma ba, ba mai unguwa ba, ba wata mata da ta ce ta san wata yarinya da ke son rabuwa da jaririnta ba. Duk wanda ya ambaci kuɗi a wannan magana, ku tashi ku bar wurin. Dokar 2010 kan safarar mutane tana hawa kan mai bayarwa da mai karɓa. Ku je ofishin jiha mai kula da kare yara ku rubuta buƙata. Ku tanadi katin ɗan ƙasa, da takardar aure, da shaidar lafiya, da shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure ku ba, da abin da ke nuna sana'arku. Ma'aikaci zai zo gida ya ga wurin kwana, ya ji ta bakin uwargida ita kaɗai, wataƙila ya tambayi maƙwabta. Alƙalin yara, wanda dokar 2014 ta tsara aikinsa, shi ke sa hannu a damƙa muku yaro, kuma yana da ikon sake duba hukuncin in dangi suka bayyana ko riƙon ya ɓaci. Ku shiga da sanin haka.

Batun suna, Alƙur'ani ya yanke shi a Suratul Ahzab, aya ta 5: a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan'uwanku ne a addini. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi (SAW) ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, ayar ta mayar masa da sunan ubansa. Wannan riƙo da ba ya sauya nasaba shi ake kira kafala, har Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta ambace shi da sunansa a sashe na 20. Ya kira ka Baba, ka kira shi ɗana, babu laifi. Takarda ce ba za ta yi ƙarya ba.

Gado ba ya ci, amma ƙofa biyu a buɗe suke. Kana iya yi masa kyauta kana da rai da lafiya, fili ko ɗaki ko dabba, da sharaɗin abin ya fita hannunka zuwa nasa ko na mai karɓa a madadinsa, gaban shaidu. Kyautar baki da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, a Malikiyya ta koma cikin gado, kuma nan ne 'yan riƙo da yawa ke tashi a tutar babu. Kana kuma iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba.

Ku yi tunanin balaga tun yanzu. Namiji in ya girma ba muharramin matarka ba ne, mace kuma ba muharramarka ba ce. In jariri ne ɗan ƙasa da shekara biyu akwai mafita: namiji, 'yar'uwar matarka mai goyo ta shayar da shi, matarka ta zama innarsa; mace, 'yar'uwarka ta shayar da ita, ka zama kawunta.

Tambaya ɗaya za mu bar muku ku kwana da ita, kai da uwargida: in Allah ya kawo haihuwa bayan shekara uku, ko ka ƙara aure amarya ta haihu, ina matsayin wannan yaro? Wanda aka ɗauka aka shagwaɓa sannan aka mayar da shi ɗan aike ranar da ɗan ciki ya zo, ciwon da ke ransa ya fi na wanda ba a taɓa ɗauka ba. In amsar ba ta fito da ƙarfi daga bakinku duka biyu ba, ku dakata, ku taimaki maraya yana gidan danginsa.

Daga wani mai shago a Sabon Gari: In mutum ya tsinci jariri an yar, me zai fara yi?

Ya lulluɓe shi, ya rungume shi a jiki don ɗumi, ya nufi asibiti mafi kusa. Daga can a sanar da 'yan sanda ko jandarma, a faɗi wuri da lokaci, a miƙa duk abin da aka same shi da shi, ko tsumma ne. Kada a kai shi gida a ɓoye da niyyar alheri, kada a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp. Hoton zai bi shi har girma. Mai son riƙonsa ya nema ta hanyar da muka faɗa a sama.

Daga wata matar aure a Karkada: Ɗan wan mijina ne, shekararsa 7, iyayensa sun rasu a tsakanin wata biyar, aka kawo mana shi daga Mirya. Kullum sai ya yi fitsarin kwance, yana ɓoye tuwo ƙarƙashin tabarma, in an yi masa magana sai ya sunkuyar da kai. Maigida ya ce sangarta ce, a sa bulala. Na gaji, amma ina tausayinsa.

Sannu da ƙoƙari, gajiyarki ba laifi ba ce. Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa wannan yaro ba sangarta ke damunsa ba, tsoro ne. Ya rasa uwa, ya rasa uba, ya rasa ɗakin da ya sani da abokan wasansa, duk a shekara guda. Fitsarin yana zuwa yana barci, bai san ya yi ba, bulala kuwa tsoron take ƙarawa, fitsarin ya ƙaru. Haka tara yara su yi masa waƙar amalala. Wannan kam a hana shi a gidan gaba ɗaya.

Ki fara da likita, don a cire ciwo daga lissafi. A duba ko yana jin zafi wurin fitsari, ko akwai jini a ƙarshensa, wanda alamar tsargiya ce ga yaran da ke wanka a tabki, kuma tana da magani. Yawan ƙishirwa da rama suna sa a auna sukari. Ciwon sikila da taurin bayan gida su ma suna kawo fitsarin kwance. In duk babu, sai dabarun gida. Ya sha ruwa sosai da rana, a rage bayan magariba. Furar dare ta koma la'asar, shayi kuma a bari. Ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki sake tashinsa lokacin da za ki kwanta. Ki ba shi tocila, ko ki ajiye masa gwangwani a bakin ƙofa, domin yaro baƙo yakan ji tsoron ratsa tsakar gida cikin duhu, kuma ba zai faɗa ba. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanensa. Da safe ku wanke tare ba tare da shela ba, ranar da ya tashi a bushe ki yaba masa a kunne.

Ɓoye tuwo kuwa, yaron bai tabbata gobe za a ba shi ba. Ki lura da cin abincinsu a kwano ɗaya: ɗan gida yana kai loma uku kafin baƙo ya kai ɗaya, a tashi a ce kowa ya ci. Ki zuba masa nasa daban na 'yan makonni, a lokaci ɗaya kullum, ki kuma ba shi ɗan kwano mai murfi da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko dabino, ki ce nasa ne, babu mai taɓawa. In ya ga kwanon ba ya ƙarewa, tabarma za ta huta.

Kada a ce masa iyayensa sun yi tafiya. Zai zauna jiran dawowarsu, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da ku. A gaya masa sun rasu, ba laifinsa ba ne, a koya masa yi musu addu'a, a bar shi ya yi kuka. In akwai zanen uwarsa ko hular ubansa, a ba shi. In yana da 'yan'uwa da aka rarraba gidaje, a riƙa haɗa su. Mirya ba nisa, zumunta kuwa a ƙafa take. Ki sa shi lakwal tare da yaranki, ki sanar da malaminsa halin da yake ciki. Ɗinkin Salla ya zama yadi ɗaya da nasu, aike ya zama bi da bi.

Wani abu da ke ruɗa masu riƙo: bayan wata biyu ko uku yaron da ke shiru yakan fara gardama da ƙiwa. Sau da yawa alamar ya fara sakin jiki ce, yana gwada ko za a kore shi in ya yi laifi. A tsawata masa kamar kowane yaro, amma kalmar "zan mayar da kai inda ka fito" kada ta fita bakin kowa. In an yi wata uku babu sauƙi, ko yana firgita cikin barci kullum, ko yana gudun wani mutum musamman, ko kika ga rauni a jikinsa, ki nemi ma'aikatan kare yara.

Daga wani manomi a yankin Magarya: Ƙanena ya rasu ya bar yara uku, da gona da awaki 12. Ni ke riƙonsu, ni ma talaka ne. Ya halatta in ci daga ciki?

Suratun Nisa'i, aya ta 6, ta amsa maka: mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani, wato daidai wahalarsa. Aya ta 10 kuma ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikinsu. Abin da zai raba ka da shubuha shi ne lissafi. A raba gadon yanzu, gaban malamai da shaidu, a fitar da tumunin uwarsu, a san rabon kowane yaro. Gonar a yi mata takarda da sunan yaran a wurin kwamitin filaye na gari, wanda ake kira Kofob. In kai za ka noma ta, a faɗa gaban mai gari cewa aro ce, a yanka damin da zai zama nasu kowace kaka. Gonar maraya ba a cika ƙwace ta da ƙarfi ba. Shekaru ne ke tafiya, baffa ya rasu, 'ya'yansa su ce sun buɗe ido sun ga ubansu na nomanta.

Awakin a yi musu shaida a kunne, ka sami littafi ka riƙa rubuta haihuwa da mutuwa da sayarwa da abin da aka yi da kuɗin. Tukunya ɗaya ba laifi, Suratul Baƙara aya ta 220 ta yarda a cuɗanya da su. Zakka ba ta hau awaki sai sun kai 40. Ba ranar balaga ake miƙa dukiya ba, sai an ga hankali: ka gwada yaro da akuya ɗaya ko ɗan jari, in ya riƙe, ka miƙa sauran gaban shaidu. Rabon 'ya mace a hannunta za a sa shi, kada a ce an narkar da shi a kayan ɗaki ba da saninta ba.

Daga wata uwa a yankin Matamai: Wata 'yar'uwar mijina ta nesa tana son in ba ta 'yata mai shekara 9, ta ce za ta sa ta makaranta a birni. Muna da yara bakwai, hatsi ba ya kai mu. In bayar?

Riƙo gadonmu ne, yara da yawa sun yi karatu ta dalilinsa. Amma ki yi tambaya kafin ki sallama. Wane gari, wace unguwa, gidan wa? Wace makaranta, aji nawa? Wani naku ya je ya ga gidan da idonsa. In matar tana da ƙananan yara ko sana'ar abinci kuma babu mai taya ta, to mai reno ko mai talla take nema, ko ba ta faɗa ba. Dokar aiki ta Nijar ta hana sa yaro aiki kafin shekara 14, kuma tun 2017 akwai dokar da ke kare karatun 'ya mace har shekara 16.

In aka ce za a riƙa aiko miki da kuɗi duk wata, ko aka ambaci Agadas ko Arlit ko ƙetare iyaka, ko aka ce kada ki gaya wa mai gari, ki riƙe 'yarki. Mutanen yankinku ba su manta watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, yawancinsu daga ƙasar Kance.

In kin gamsu, a yi maganar gaban mai gari. Asalin takardar haihuwarta ya zauna wurinki, ki ba da kwafi. Ki karɓi takardar canjin makaranta daga darakta, a kai ta kafin buɗe lakwal a watan Oktoba. Ta haddace lambar wayar ubanta ko kawunta. Ta zo gida kowane babban hutu, in ta zo ki duba littattafanta da tafin hannunta da bayanta, ki tambaye ta ƙarfe nawa take kwanciya, wa take kwana da shi, ku biyu kaɗai a ɗaki.

Daga wata Hajiya a Zango: Na riƙi yarinya tun tana wata 4, yanzu shekararta 6, ba ta san ba ni na haife ta ba. Uwarta tana raye, ta yi aure a Tanut. Yaushe zan gaya mata?

Yanzu, Hajiya, kafin ta ji a bakin 'yan wasa ranar da suka yi faɗa. Mai shekara 6 ba ta buƙatar dogon bayani: akwai innar da ta haife ki, tana Tanut, ni kuma Allah ya ba ni renonki, kina nan tare da ni. Za ta tambaya ta tafi wasa, ta dawo da wata tambayar bayan mako guda. Ki amsa kowace da gaskiya daidai hankalinta, kada ki aibata uwar ko uban ko da akwai abin faɗa. Ki sanar da uwar kafin ki yi maganar, don bakinku ya zama ɗaya. Haɗuwar farko a yi ta a gidanki, kina zaune, da rana, kuma kada a ce ta bi uwar ta kwana sai ita da kanta ta nema.